Ƙwaryar Baffa

Soron Ɗinki, Kano
Farkon damina

Da sunan Allah. Daga Murja dillaliya zuwa ga ɗan kawuna Ashafa da ke zangon shanu na Ikko. Gaisuwa mai yawa, da fatan ruwan teku bai wanke maka Fillanci ba. Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Matarka Mero lafiyarta ƙalau. Ni kam kurkunu ya fito mini a idon sawun hagu, ga ni zaune a ɗaki ina naɗe shi a tsinke kamar mai kaɗin zare. Rabona da kasuwar Kurmi tun saukar ruwan fari.

Bayan haka, ka nemi wuri ka zauna kafin malamin da ke karanta maka ya ci gaba. Ɗanka Baffa yana gidan yari.

Ga yadda aka yi. Ya kai shanu shan ruwa wajen Ƙofar Ruwa, sai wata karsana ta ɓalle ta faɗa gonar wani mutum, ta taɓa masa dawar da ko gwiwa ba ta kai ba. Mai gona ya taho da ƙotar fartanya, ko sallama bai yi ba ya sauke masa a kafaɗa. Yaro ya rama. Kai ma ka san sandar gidanku ba ta iya wasa ba. Yanzu mai gona yana kwance da fasasshen kai, alƙali kuma ya ce a tsare Baffa sai an ga yadda raunin ya ƙare. In mutumin ya tashi, a yi sulhu. In kuwa ɗayar ce, to, Allah ya kiyaye, ba zan rubuta ta ba.

Na sa an bincika mini yadda ake zama a ciki. Abin da ake ba su bai isa ya riƙe mutum ba, duk wanda ka ga yana da ƙarfin tashi to abincin gida yake ci. Da hantsi ake kai ƙwarya bakin ƙofa, a faɗi mai ita, gandiroba ya shiga da ita ya fito da ta jiya. Da ƙafata ƙalau take da ni zan riƙa zuwa, kafin kwana kaɗan sai na san sunan uwar kowane mai tsaro. To ga ni a zaune. Mero ce ke zuwa. Ka duba fa, Mero, wadda ta tsufa a birnin nan ba ta san hanyar kasuwa ba, ita ce ke ratsa gari da ƙwarya a ka.

Ba ta yi kuka ba. Da aka kawo labari tana tankaɗe, ta ce to, ta ci gaba da tankaɗenta. Ku Fulani da ɗan fari sai ka ce ɗan maƙwabta aka kama. Amma tun daga ran nan turminta ke riga zakara tashi, furar da take kirɓawa kuwa ko ranar sunansa ba ta kirɓa irinta ba.

Kada ka ce za ka taso. Shanun mutane suna hannunka, zuwanka kuma ba zai ɗinke kan mai gona ba. Na ba masu rakiyar shanu a jirgin ƙasa wannan takarda. Abin da ke bakina ke nan, wassalam.

*

Zangon shanu, Ikko

Daga Ashafa zuwa ga 'yar goggona Murja. Gaisuwa da aminci. Allah ya raba ki da kurkunu, ya bar miki bakinki, tunda shi ne jarinki. Ni lafiya. Ruwa ne dai a nan ba ya ɗaukewa.

Takardarki ta iso, malamin zango ya karanta mini. Na ji abin da Allah ya hukunta. Wuri ɗaya na sa ya maimaita, inda kika ce mai sunan tsoho ya rame. Tun yaushe aka tsare shi har ya rame? Ko ba ya cin abin da ake kai masa? Tun yana ƙarami in ransa ya ɓaci abinci yake fara bari.

Ga bargo nan na ba masu komawa, a kai masa. Ƙasa tana da sanyi da damina.

A nan ba ni da wanda zan gaya wa. Mutanen zango sun ce na yi shiru da yawa, na ce musu ruwan garin ne bai karɓe ni ba. Ki faɗa mini gaskiya, 'yar goggo, ba irin wadda kike faɗa wa mai sayen zane ba. Ki gaida mutanen gida. Wassalam.

*

Soron Ɗinki, Kano
Tsakiyar damina

Daga Murja zuwa ga Ashafa, gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Ƙafa tana nan yadda take, tsutsar ta fito kamar tsawon yatsa ta tsaya tana tunani.

Bayan haka, wannan malamin naku a ina ya yi karatu? Cewa na yi ya rama, wato an doke shi ya doka. Ɗigon da ya gani a ƙarƙashin mimun ajamin nan har ya mai da rama rame ba nawa ba ne, ƙuda ne ya bi ta kan takarda ya bar masa saƙo. Ka ce na ce ya riƙa hure takarda kafin ya tayar wa bayin Allah hankali.

Yaronka bai rame ba, ina jin ma ƙiba yake yi. Kullum ƙwarya tas take dawowa, kamar an wanke. Akwai wani gandiroba Ɗanjuma, shi ke karɓa a hannun Mero. Ya ce mata Baffa ba ya barin ko ɗigo, in ya gama kuma sai ya ɗaga hannu ya yi ta sa wa wadda ta dama albarka da Fillanci, wani lokaci har da hawaye. Bargo ma ya isa hannunsa, wai rungume shi ya yi. Ni ban san ɗanka da yawan sa albarka haka ba, wanda gaisuwa ma sai ka ja ta daga bakinsa, amma gidan yari makaranta ne. Abu ɗaya ya roƙa, wai a riƙa dama furar ruwa-ruwa saboda haƙora. Ina jin sanyin ƙasa ne ya taɓa masa dasashi. Na ba Mero kanumfari ta sa a gefen faifai.

Mai gona ya fara zama, an ce har ya nemi tuwo. Ina biye da labarinsa kamar ni na haife shi.

Ka ce ba ka da wanda za ka gaya wa. To ni da nake da mutane fa? Matan da nake kai wa zannuwa da tasoshi har cikin ɗaka duk sun koma wa wata, a cikinsu wadda ta leƙo ni ba ta zauna ba. Gari ya cika da zancen gyaɗa, kowa ya zama ɗan kasuwa, Nasara na saye, jirgi na kwashewa, ni kuwa sai dai in ji kukansa daga nesa. Bakin da ya saba ciniki tun safe yanzu da tsutsa yake hira. Da yamma Mero takan shigo ta zauna a bakin ƙofa. In tambaye ta yaya hanya, ta ce lafiya. In ce yaya shi, ta ce an ce lafiya. Daga nan sai mu zauna muna jin ruwan indararo har a kira magariba. Da ina ganin shirunta wauta ce. Yanzu in ta makara sai in ji ɗakin ya yi mini faɗi.

Ka kwantar da hankalinka, ka kula da shanun mutane. Wassalam.

*

Zangon shanu, Ikko

Daga Ashafa zuwa ga Murja. Gaisuwa. Ina lafiya.

Takardarki ta daɗe a hanya, an ce ruwa ya cinye hanyar jirgi a wani wuri. Da ta zo na ji daɗi, har na yi sadaka. Ban gama jin daɗin ba wani mutum ya sauka a zango da shanu, sunansa Ado, mutumin unguwar Sheshe. Bai daɗe da fitowa daga gidan yarin nan ba. Bayan la'asar yana ba mutane labarin ciki, bai san ko ni wane ne ba.

Ya ce akwai wani saurayi Bafillace, ɗan Soron Ɗinki, da ya fasa wa mai gona kai. Ya kira shi da sunansa na yanka, ya ce da shi ake kiransa a ciki, don shi aka rubuta a gaban alƙali. Ya ce tunda aka kawo shi ba a taɓa aiko masa da ko ruwa ba. A ƙasa yake kwana, ba shimfiɗa. Haƙarƙarinsa duk a waje. In wasu suka miƙa masa nasu ba ya karɓa. Ado ya tambaye shi ko ba shi da kowa a gari, ya ce yana da su, sun yafe shi ne saboda ya jawo musu abin kunya. Ya ce bai ga laifinsu ba, dama uwarsa ko sau ɗaya ba ta taɓa kiransa ba.

Na tashi kamar zan duba shanu.

Murja, ina furar take zuwa? Ina bargon? Ban ce kin yi ƙarya ba. Amma malamin da kika zaga, shi da ƙudansa, sun fi ki gaskiya. In kin rubuta mini abin da zai yi mini daɗi ne don kada in taso, to kin yi ciniki da ran yaro. Kada Mero ta ji wannan. Wassalam.

*

Soron Ɗinki, Kano
Dawa ta fara fitar da kai

Daga Murja zuwa ga Ashafa. Gaisuwa, ko da yake ba ka cancanci mai yawa ba. Muna raye. Shi ma yana raye, na fara da wannan don malaminka ya karanta sauran a natse.

Da na karanta takardarka jifa na yi da ita. Na ɗauki alƙalami na cika shafi da zagi, tun daga kanka har shanunku na gado. Na sayar wa mutane zanen da ya sha wanki a matsayin sabo, ban musa ba, amma ban taɓa sayar wa dangi labari ba. Da zuciya ta sauka na jawo takardar da sanda na sake bi. Sai na tsaya a inda ka ce da sunan yanka ake kiransa a ciki.

Na ƙwalla wa Mero kira. Na ce in kin miƙa ƙwarya a ƙofa me kike cewa? Ta ce, ta Baffa. Na ce shi ke nan? Ta dube ni ta ce, "To me zan ce?"

Me za ta ce kuwa. Ɗan fari ne, ga shi kuma sunan surukinta ya ci. Tun ranar da aka raɗa masa muka mai da shi Baffa saboda tsohonku, har mu da ba ruwanmu da kunyar muka manta yana da wani suna. Ka ce kada ta ji. Ta ji, don ban ga yadda zan yi in ɓoye ba. Sai da ta dafa bango.

Da gari ya waye na sa aka aro mini jakin mai itacen unguwa. Aka ɗora ni, ƙafa a naɗe da tsumma tana reto, Mero na gaba da ƙwarya. Duk wadda ta taɓa jin haushin cinikina ta fito ta more kallo ranar.

A bakin ƙofa mata ne zaune a jere da ƙore da akusa, kowa na jiran a karɓa. Na gane Ɗanjuma tun kafin a nuna mini, don yana ganin Mero ya miƙo hannu yana murmushi. Na ba shi goro, na gaishe shi da aiki, na ce ɗan nan, wannan Baffa da kake kai wa fura, kwatanta mini shi. Ya ce ai tsoho ne tukuf, farin gemu, haƙoransa ba su fi a ƙirga da hannu ɗaya ba. Daga wata ruga aka kawo shi kan rigimar shanu, ba shi da kowa a birni, duk gidan Baffa ake ce masa. Na ce to Jibril na Soron Ɗinki fa? Sai murmushin ya ɗauke. Ya dubi Mero, ya dubi ƙwarya, ya yi salati. Ya ce wannan ai ko fitowa shan hantsi ya daina. Ya yi ta rantsuwa da an faɗa masa sau ɗaya da ba a yi haka ba. Ban ga laifinsa ba. An ce Baffa, ya kai wa Baffa.

Ya karɓi ƙwarya ya shiga da sauri. Bai jima ba ya fito da ita, faifai ko motsa shi ba a yi ba. Wai yaron ya ce an yi kuskure, shi ba shi da kowa a waje, a kai wa mai ita. Ɗanjuma ya nuna mana bango ta gefen hagu, ya ce ɗakinsu yana bayansa, akwai 'yar taga a sama, ana jin maganar waje. Na sa aka ja jaki zuwa gindin bangon, na buɗe muryar kasuwa na ce Jibril, goggonka Murja ce, ka karɓi fura. Ɗanjuma ya koma ya dawo. Wai yaron ya ce ya ji, ya gode, amma Goggo Murja ko mataccen jaki ne sai ta sayar, tausayi ne ya kawo ta. Ka ji ɗanka, yana bakin kabari bai fasa taurin kan gidanku ba.

Na juya na dubi Mero. Ta matso jikin bangon ta ce, "Baffa."

Daga can ciki wata tsohuwar murya ta amsa, "Na'am, 'yata. Allah ya yi miki albarka."

Wasu mata suka fara dariya, suka kuma daina da kansu.

Mero ta sauke ƙwarya ta ajiye a ƙasa. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta sa goshinta kusa da bango. Na ga bakinta ya motsa, amma ko ni da nake kan jaki a gefenta ban ji ba. Ta tsaya. Sannan ta sake, da ƙarfi, sunan na fita a karkace kamar kalmar wani yare da ba ta iya ba.

"Jibril. Ka sha fura."

Ɗanjuma ya sunkuya ya ɗauki ƙwarya ya shiga. Wannan karon ya daɗe. Da ya fito an sha kusan rabi, ya ce cikin ne ya ƙanƙance, ba zai ɗauki fiye da haka ba yau. Ya ce yaron ya tambaye shi wa ya kira, ya ce masa uwarka. Ya sake tambaya, ya sake faɗa masa. Sai ya juya fuska bango ya daɗe, sannan ya dafa ƙasa ya tashi zaune.

A hanyar dawowa ni da Mero muka iso Sheshe. Nan ta tambaye ni, ba tare da ta waiwayo ba, ko ina da ƙwaryar da ba na amfani da ita. Yanzu biyu take ɗauka, ɗaya ruwa-ruwa. Ashe tsohon ya ɗauka wata 'yarsa ce da ya baro a ruga ta biyo shi birni. Ɗanjuma ya tambaya ko a gaya masa gaskiya, Mero ta ce a bar shi. Bargonka ma yana wurin tsohon, ba wanda ya iya karɓowa, sai ka aiko da wani. Kullum kuma dole ta faɗi sunayen biyu a ƙofa don kada a sake. Na Baffa tana faɗa kai tsaye, ɗayan kuwa ƙasa take kallo.

Yaron ya fara fitowa hantsi. Mai gona yana takawa da sanda, an ce alƙali zai zauna bayan an yi girbi. Kurkunu ya tsinke mini saboda hawan jaki, ƙafar ta kumbura ta zama turmi, ban san ranar da zan taka ba. Wannan kai zan bi bashinsa, ba yaron ba.

Saura kai. Yaron ya tambayi Ɗanjuma ko babansa ya san yana nan. Ka aiko masa da magana in sa a karanta masa. Kada ka ce mai sunan tsoho, tsofaffi sun yi mana yawa a gidan nan. Ka ba malaminka haƙuri, ƙudansa ya fi ni karatu. Wassalam.

*

Zangon shanu, Ikko

Daga Ashafa zuwa ga 'yar goggona Murja. Gaisuwa mai yawa, ko kin ce ban cancanta ba ke kin cancanta. Allah ya ba ƙafa lafiya. Abin da na faɗa a waccan takarda ki zuba shi a indararo.

Malam ya karanta mini. Wurin bangon nan ban sa ya maimaita ba. Ga bargo biyu, ɗaya nasa, ɗaya ki shimfiɗa a bakin ƙofarki inda Mero ke zama. Ki ce mata na ji. Ita za ta gane.

Maganar da kika ce in aiko, na zauna gaban malam tun bayan azahar. In na zo wurin sai bakin ya ƙi. Malam ya ce ai ya san sunan, ya gani a takardarki, bari ya rubuta kawai. Na ce a'a, in shi ya rubuta nasa ne. Na ce ya ara mini alƙalami ya ɗan zaga.

Rabona da alƙalami tun ina riƙe allo. Abin da ke ƙasa hannuna ne. In ɗigo ya zame ki gyara a karatu, kada ki ce ƙuda ne. Ki sa a nuna masa takardar ya gani da idonsa.

Jibril, ni ne babanka. Ka ci abinci.